Albashin Da Ba A Yi Wa Gumi Ba: Gyare-gyaren Aikin Gwamnati A Ma'aunin Shari'a

 

A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Kemi Adeosun, ta sanar da cewa ta goge sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ya rage wa baitulmali nauyin kimanin naira biliyan 2.29 a kowane wata. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, ita ce ta fasa ƙwan, domin ta nuna sunayen da babu kowa a bayansu, ta kuma nuna mutum guda yana kwasar albashi ta asusu barkatai. Muna kiran waɗannan sunaye ma'aikatan bogi, muna faɗar kalmar kamar muna zancen aljanu. To amma suna ba ya buɗe asusu a banki, ba ya cire kuɗi, ba ya sayen buhun shinkafa. A bayan kowane sunan bogi akwai mutum mai jini da tsoka wanda ya rubuta shi, da wanda ya sa hannu, da wanda ya kai kuɗin gida aka ɗora tukunya. Cikinsu kuwa akwai waɗanda muke haɗa kafaɗa da su a sahu.

Tun daga lokacin gyare-gyare ba su tsaya ba. Tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, wanda aka fara gwajinsa a 2007, ya yi ta faɗaɗa har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas a kansu a 2022, kafin Majalisar Zartarwa ta amince da fitar da manyan makarantu daga cikinsa a Disambar 2023. Asusun gwamnati na bai-ɗaya, TSA, ya fara aiki gadan-gadan a 2015. A Fabrairun 2024 gwamnati ta ce za ta aiwatar da rahoton kwamitin Oronsaye na 2012, wanda ya ƙidaya hukumomi 541, ya kuma ba da shawarar rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya umarci ma'aikatan da suka tare a ƙasashen waje amma albashinsu bai daina shiga ba da su mayar da abin da suka ci, a kuma hukunta shugabanninsu da suka rufa musu asiri. A ranar 11 ga Yuli Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, sannan kafin watan ya ƙare aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Jaridu sun kawo waɗannan labarai, masana tattalin arziki sun yi sharhi. Abin da ya rage, wanda kuma shi ne ya shafi magidanci da uwargida da ɗalibi, shi ne tambayar da kwamfuta ba ta amsawa: kuɗin nan da ke shigowa a ƙarshen wata, ake ciyar da iyali, ake biyan kuɗin Islamiyya, wani lokaci har ake biyan kujerar Makka da shi, ta wace hanya ya halatta, kuma me ke ɓata halaccinsa?

Dukiyar gwamnati ta wace ce?

Akwai wata fatawa da ta yaɗu a bakin mutane ba tare da an san malaminta ba, wai dukiyar gwamnati ba ta kowa ba ce, wanda ya samu rabonsa ne. Wasu ma suna yi mata ado da cewa gwamnatin ba ta Musulunci ba ce, don haka abin da aka ɗiba ganima ce. Wannan magana ba ta da tushe. Dukiyar da aka ce ba ta kowa ba ce, a haƙiƙa ta kowa da kowa ce, kuma nan hatsarin yake. Wanda ya zalunci mutum ɗaya ya san ƙofar da zai je neman yafiya. Wanda ya ci kuɗin maganin asibiti fa, ƙofa nawa zai ƙwanƙwasa? Kasancewar Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba sun yi tarayya a dukiyar bai sauƙaƙa lamarin ba, domin dukiyar wanda ake zaune da shi bisa alkawarin zaman lafiya haramun ce kamar ta ɗan'uwa Musulmi.

Alƙur'ani ya kira wannan laifi gululu. Aya ta 161 a Suratu Ali Imrana ta bayyana cewa wanda ya ɓoye wani abu daga dukiyar jama'a zai zo ɗauke da shi ranar alƙiyama. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani bawa mai suna Mid'am, wanda kibiya ta kashe a Wadil Ƙura bayan yaƙin Khaibara. Sahabbai suka yi ta yi masa murnar shahada, sai Manzon Allah (S.A.W) ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a jikinsa. Mayafi ɗaya, a jikin mutumin da ke yi wa Annabi hidima. Muslim kuma ya ruwaito daga Adiyyu bin Amira cewa duk wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye ko da allura ce, ta shiga gululu.

A nan ɗalibai za su so sanin wani saɓani na malamai. Mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin ba a yanke hannun wanda ya yi sata a baitulmali, saboda shubuhar cewa shi ma yana da haƙƙi a ciki. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce ta fi rinjaye a ƙasarmu, yana ganin a yanke. Saɓanin nan a kan haddi ne kawai. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce abin ya halatta, kuma inda haddi ya faɗi, horon da alƙali ya ga ya dace yana nan, biyan abin da aka ci yana nan.

Abin da ma'aikaci ya sayar

Malaman fiƙihu sun sanya aikin albashi a babin ijara, wato jinga ko ƙodago, suka raba ma'aikata gida biyu. Akwai ma'aikacin tarayya, kamar tela ko makaniki, wanda ke karɓar aikin mutane da yawa, kuma ladansa na rataye da kammala aikin. Akwai keɓantaccen ma'aikaci, wanda aka ɗauka na wani ƙayyadadden lokaci. Shi abin da ya sayar lokacinsa ne. Ma'aikacin gwamnati na kashi na biyu ne. Daga wannan rabe-rabe hukunce-hukunce da dama suke fitowa, wasu na sauƙi, wasu masu ɗaci.

Na sauƙin shi ne, ma'aikacin da ya zo ofis a kan lokaci, ya zauna a shirye, amma ba a kawo masa fayil ko ɗaya ba har aka tashi, albashinsa halal ne tsab. Ya miƙa abin da aka saya. Idan akwai laifi, yana wuyan wanda ya cika sakatariya da mutanen da ba a bukata.

Mai ɗacin shi ne sa'o'in da aka saya ba naka ba ne kuma. Ma'aikacin da zai sa hannu a rajista ya rubuta ƙarfe takwas alhali ƙarfe goma ta gota, ya haɗa ƙarya da tauye mudu. Mun saba karanta farkon Suratul Muɗaffifina muna hango 'yan kasuwar hatsi, alhali siffar da ayoyin suka zana, ta mai cika ma'auni in zai karɓa ya tauye in zai bayar, ta dace da wanda ba ya yafe ko kwabo a albashinsa amma yake yafe wa kansa kwana biyu a kowane mako.

Wani abin takaici shi ne yadda ake fakewa da addini. Lokacin sallar farilla ba ya cikin abin da aka saya, malamai sun yi ittifaƙi a kan haka, kuma babu shugaban da ke da ikon hana ma'aikaci salla. Amma Azahar raka'a huɗu ce. Alwala da jam'i da nafila ba za su cinye awa uku ba. A bar tsohuwa zaune a benci tun safe tana jiran a sa mata hannu, a ce mata oga ya tafi masallaci, alhali oga ya wuce kasuwa duba shagonsa, wannan zubar da mutuncin salla ne a idon talaka. Haka ranar Juma'a: surar da ta umarci a bar ciniki idan an kira salla, ita ce ta ce a watsu neman falalar Allah idan an idar. Inda hukuma da kanta ta sassauta, kamar yadda Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako daga Disambar 2021, ko yadda wasu jihohi ke rage sa'o'in aiki a watan azumi, babu laifi ga ma'aikaci, domin mai haƙƙi ne ya sauke. Abin da bai halatta ba shi ne mutum ya yanka wa kansa hutu.

To idan oga ne ya ba da izini fa? Oga wakili ne, ba mai dukiya ba, kuma ƙa'idar fiƙihu ita ce duk abin da shugaba zai zartar a kan jama'a dole ya zama don maslaharsu. Yana da ikon ba ka uzurin kai mara lafiya asibiti ko zuwa jana'iza, gwargwadon abin da dokokin aiki suka sahale masa. Ba shi da ikon yafe maka shekara guda, balle a ce yarjejeniyar kashe-mu-raba ce, inda ake yanka masa wani abu duk wata.

Wannan ya kawo mu ga nau'in ma'aikacin bogin da BVN ba ta kamawa, kuma a ganina shi ya fi yawa a ƙananan hukumominmu. Mutum ne na gaske, sunansa na gaske, hotonsa da zanen yatsansa duk daidai, ranar tantancewa shi ne farkon layi. Amma bai san hanyar ƙauyen da aka tura shi koyarwa ba. Wani ya ajiye yaro a madadinsa yana ba shi sulusin albashi, alhali keɓantaccen ma'aikaci ba ya wakilta wani sai da yardar wanda ya ɗauke shi, domin cancantarsa aka duba ba ta yaron ba. Wata baiwar Allah kuma ɗan siyasa ne ya samar mata lamba a sashen lafiya don saka wa mijinta wahalar kamfe, ba ta taɓa taka asibitin ba, mai naƙuda kuwa ta isa cikin dare ta tarar da ƙofa a garƙame. Maigida ya sani, ciyarwa wajibinsa ce, kuma ba ta sauka daga wuyansa da irin wannan kuɗi. Ɗalibin da ke riƙe da lambar aiki a garinsu yana karatu a wani gari shi ma ya duba: dokokin aiki sun tanadi hutun ƙaro karatu, har da mai albashi. Wanda ya nema aka ba shi a rubuce ya kuɓuta. Wanda ya sulale kawai, yana gina iliminsa a kan haƙƙin yaran da aka bari babu malami.

Sai albashin mamaci. Mutum ya rasu, iyali su riƙe katin cirar kuɗinsa su yi shiru, wata na bin wata, suna cewa marayu ake ciyarwa. Ijara ta ƙare da mutuwar ma'aikacin. Abin da ya shigo bayan haka ba gado ba ne, ba a raba shi, ba a biyan bashin mamaci da shi. Haƙƙoƙin da doka ta tanadar wa magada kuwa halal ne, a bi su da ƙarfi har a karɓo. Tausayin maraya ba ya cikin cika masa ciki da abin da ba nasa ba.

Na goro

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun fitar da rahoto a 2024, inda suka ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai an miƙa wa jami'an gwamnati a Nijeriya cin hanci kimanin sau miliyan 87, tsabar kuɗin da ya kai naira biliyan 721. Mafi yawan wannan ba a manyan jakunkuna ya tafi ba. Ya tafi a hannu, da sunaye masu laushi: na goro, na mai, na ruwa, alheri, ihisani.

Shari'a ta riga ta yanke wannan tun a Madina. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Humaid As-Sa'idi cewa Annabi (S.A.W) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware kaya gida biyu, ya ce wannan na baitulmali ne, wannan kuma kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi huɗuba a kan lamarin, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya gani ko kyautar za ta biyo shi. Ma'aunin ke nan, kuma kowane ma'aikaci zai iya auna kansa da shi: wanda ya kawo maka ragon salla bana, zai kawo baɗi idan an yi maka canjin wurin aiki? Waɗanda suka yi ritaya sun fi kowa sanin amsar.

Magabatanmu na nan ƙasar ba su yi sakaci da wannan ba. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci da ya yi inkari, ya ma ambace ta da sunanta na Hausa. Shekara ɗari biyu bayansa, gaisuwa ta bar fada ta koma ofis.

Ga mai bayarwa akwai bayani. Hadisin Abdullahi bin Amru da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Sai dai malamai da yawa sun keɓe wanda aka danne wa tabbataccen haƙƙinsa, ya bi duk hanyoyi ya rasa mafita, kamar tsohon da aka riƙe wa fayil ɗin fansho. Suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Wannan rangwame na lalura ne, ba lasisin tsallake layi ba.

Ba na ganin wannan rangwamen ya shafi sayen gurbin aiki, annobar da ta kai Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kanta a 2023. Gurbin aiki ba haƙƙinka ba ne kai kaɗai; ɗaruruwa ne suka nema, kuma da kuɗinka ka ture wanda wataƙila ya fi ka cancanta. Na san zafin zaman banza ga matashin da ya gama hidimar ƙasa shekara biyar, kuma ba mu manta da turmutsutsun neman aikin Hukumar Shige da Fice na Maris 2014 ba, inda matasa suka rasa rayukansu a filayen wasa. Amma iyayen da ke sayar da gona don sayen takardar kama aiki su sani, wanda ya shiga da miliyoyi zai fara tunanin yadda zai mayar da su tun ranar farko. 'Yar dattijon Madyana ta ambaci siffofi biyu na wanda ya dace a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, kuma a kansu Ibnu Taimiyya ya gina bayaninsa na naɗa ma'aikata a As-Siyasatush Shar'iyya. Wanda ya riga ya shiga ta wannan hanya, idan ya cancanta kuma yana yin aikin, fatawar malamai da dama ita ce ya tuba, albashinsa na aikin da yake yi ne. Wanda ya shiga da takardar jabu a aikin da bai iya ba, musamman inda rayuka suke, tubarsa ita ce ya sauka.

Ɗaya bangon

Zalunci ne mai wa'azi ya sauke duk wannan a kan masinja da malamin firamare ya kau da kai daga wanda ya ɗauke su aiki. Ijara ƙulli ne mai ɓangare biyu. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Gwamnan da ke bin ma'aikata bashin aiki amma suke bin sa bashin watanni, yana kuma da kuɗin sayen jerin gwanon motoci, ya duba kansa a wannan hadisi, da kuma wanda ya bayyana jinkirin mawadaci wajen biyan bashi a matsayin zalunci.

Musulunci ya haɗa wadata ma'aikaci da tsare shi daga ha'inci. Da Abubakar (R.A) ya zama halifa, aka yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa daga baitulmali domin aikin jama'a ya hana shi kasuwa. Abu Yusuf, a Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Haruna Rashid, ya kawo shawarar da Abu Ubaida ya ba Umar cewa idan zai sa sahabbai aiki ya biya su abin da zai wadatar da su daga cin amana. Mafi ƙarancin albashinmu ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, amma duk uwargidan da ke riƙe da cefane tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ta san kwana nawa wannan ke kaiwa. Talauci ba ya halatta haram. Sai dai wanda ya jefa mutane cikin ƙunci da gangan, ko da sakaci, yana da nasa kason na abin da ƙuncin ya haifar.

Umar ɗin nan da ya wadata ma'aikatansa shi ne kuma ya fi kowa bin diddiginsu. Shi ya kafa diwani, kundin sunayen masu karɓa daga baitulmali. Yana rubuta dukiyar gwamna ranar naɗa shi, idan ya ga ƙarin da ba shi da bayani ya raba biyu ya mayar da rabi baitulmali, kuma yana da Muhammadu bin Maslama da yake aikawa bincike. Don haka tantance ma'aikata, da cike takardar bayyana kadarori, ba baƙin abubuwa ba ne a wurin Musulmi. Wanda ya yi rantsuwa a takardar kadarori ya ɓoye gidajensa da sunan 'ya'yansa, rantsuwar ƙarya ya yi.

Amma tantancewa ma tana iya zama azaba. An sha ganin tsofaffin da suka ba aiki shekara 35 na rayuwarsu suna kwana a layi, wasu a kan keken guragu, don su tabbatar wa kwamfuta cewa suna raye, ko a dakatar da albashin mutum watanni saboda an rubuta sunansa da harafi ɗaya daban a takardu biyu. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi ya zuba aƙalla kashi 10. Cire wa ma'aikaci nasa kason a ƙi zubawa cin amana ne ƙarara. Kuma wanda aka ɗora wa gyaran harkar fanshon kansa, Abdulrasheed Maina, kotu ta ɗaure shi shekara takwas a Nuwambar 2021 kan halasta kuɗin haram. Abu Yusuf ya kawo labarin Umar da wani tsohon Bayahude makaho da ya gani yana bara; ya ga rashin adalci ne a ci moriyarsa yana saurayi a yasar da shi da tsufa, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Wancan ba Musulmi ba ne, ba ma'aikacin Umar ba ne.

Duk jami'in da ke bayan tebur ya tuna addu'ar da Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, inda Annabi (S.A.W) ya roƙi Allah Ya tsananta wa wanda ya jiɓinci lamarin al'umma ya tsananta musu, Ya sauƙaƙa wa wanda ya sauƙaƙa. Jiɓinta a nan ta haɗa da akawun da ke iya cewa je ka dawo gobe. Shaihu Magili ma, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi ta nanata hatsarin mai mulki ya shige kulle ya bar talakawa a waje. Wanda aka zalunta kuma ya san akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, mai kama da abin da Mawardi ya bayyana a babin mazalim. Kai ƙara gare ta ba rashin tawakkali ba ne.

Wanda ya ci yana son ya mayar

Wannan ce tambayar da aka fi yi a keɓe, bayan an watse daga karatu, da murya ƙasa-ƙasa. Tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika da istigfari kaɗai. Sai an mayar. Mutum ya zauna ya ƙiyasta watannin da ya karɓa bai yi aiki ba, ko abin da ya ɗiba, ya yi aiki da mafi rinjayen zatonsa, ya ɗan ƙara don kuɓutar da wuya. Asali shi ne a mayar wa hukumar da aka ci kuɗinta, kuma ba sharaɗi ba ne ya tona wa kansa asiri. Idan hakan ya gagara, ko ya rinjaya a zatonsa cewa wani ne zai sake haɗiye kuɗin a hanya, malamai sun ba da damar a kashe shi a maslahar jama'a, kuma ya fi dacewa a kai shi inda aka cutar: wanda ya guje wa aji ya yi wa makarantar benci ko rufi, wanda ya guje wa asibiti ya sayi magani ya ajiye a can. Ba da niyyar sadaka ba, domin Allah Mai tsarki ne ba Ya karɓar sai mai tsarki. Da niyyar sauke nauyi. Ba a zuwa Umara da shi, ba a gina masallaci a liƙa suna a jiki. Wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya kuma rubuta a wasiyyarsa a matsayin bashi, domin bashi ana fitar da shi kafin rabon gado.

A nan akwai abin da hukumominmu za su iya yi wanda bai kai tsadar na'urar ɗaukar zanen yatsa ba. Shekaru kusan ashirin ke nan da ƙasar Saudiyya ta buɗe wani asusu na musamman da ake kira asusun sauke nauyi, inda duk wanda ya san ya ci dukiyar gwamnati zai zuba abin da ya ci ba tare da an tambaye shi ko an tuhume shi ba, kuma kuɗin na tafiya wajen bai wa masu ƙaramin ƙarfi rance mara ruwa. Jihohin da ke da hukumomin zakka da waƙafi, kamar Sakkwato da Kano da Zamfara, suna da inda za su rataya irin wannan asusu, matuƙar an yi masa doka, an raba shi da kuɗin zakka, ana kuma buga abin da ya shiga da inda ya tafi a kowace shekara.

Allah ne Mafi sani.